Hanyar Abuja zuwa Keffi: titi ne ya haifi Mararaba ko tsadar Abuja?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida a Masaka, ban taka ƙofar ofis a Abuja ba sai takwas saura. Tafiyar da in ranar Lahadi ce minti arba'in ma ta yi yawa. Muna tsaye cak a hawan Kugbo, wani dattijo da muke kujera ɗaya ya leƙa taga ya ce, "Yaro, duk abin da muka baro a baya, daga gadar Mararaba har Ado, na san shi yana gonar doya." Tun ɗazu maganar take yi mini yawo a ka. Masu shekaru a cikinmu, don Allah ku ba mu labari. Yaya aka yi daji ya koma haka? Titin nan ne ya jawo mu, ko mu ne muka zo muka shaƙe shi?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Dattijon nan bai yi maka ƙarya ba. Na fara bin hanyar nan ina yaron mota a shekarun 1980, muna ɗauko kaya daga Jos, mu biyo Akwanga, mu faɗo Keffi, mu nufi wurin da ake gina sabon birni. Hanya ɗaya ce siririya, in babbar mota ta taho sai ka sauka gefe ka ba ta wuri. Daga Keffi in ka taso, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga rufin kwano ba, sai bukkoki jefi-jefi da matan Gwari suna tafe a bakin hanya da ƙwarya a kafaɗa, cike da doya ko itace. A ka ba sa ɗaukar kaya, a kafaɗa suke ɗorawa. Nan Mararaba muna tsayawa mu sayi doya da rake, mu zuba wa lagireto ruwa, mu wuce. Wani mai gona ya taɓa yi mini tayin fili a bakin titi, kuɗin da ya faɗa bai kai na tayoyi biyu ba. Na yi dariya na ce me zan yi da daji. Yanzu a daidai wurin akwai gidan mai da bene hawa uku. Duk ranar da na wuce sai na kau da kai.

Maman Ilham:
Baba, da-na-sani ƙeya ce. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

Tsohon Direba:
Amin 'yata. Ai tayoyin ma ba su yi shekara ba.

Malam na Keffi:
Bari in ɗan koma baya kaɗan, don kada matasa su ɗauka Abuja ce ta fara kawo hanya wannan yanki. Keffi ta girmi Abuja nesa ba kusa ba. Wajejen 1800 Abdu Zanga ya kafa ta, tana ƙarƙashin Zazzau, kuma fatake suna bi ta nan tsakanin ƙasar Hausa da bakin Binuwai tun ba a san mota ba. A Keffi ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Baturen mulki Kyaftin Moloney a 1902, ya tafi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi, Turawa suka riƙe wannan cikin hujjojinsu na yaƙar Kano a 1903. Kwalejin Gwamnati ta Keffi kuma tun 1949 take, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ma can ya yi sakandare.

Abin da nake so a lura da shi: a da fuskar Keffi gabas da arewa take kallo, Jos da Zariya. Yammacinta ƙauyukan Gbagyi ne da Gwandara da Gade. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala ya sanar da sabon babban birni bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka yanki ƙasa daga Neja da Filato da Kwara. Daga ranar nan bayan gidan Keffi ya zama ƙofar gida. Sai 12 ga Disamba 1991 Babangida ya tare a Abuja, ma'aikatu suka riƙa tasowa daga Legas. Sannan 1 ga Oktoba 1996 Abacha ya cire Nasarawa daga Filato. To ka ga titin da ake bi jefi-jefi ya zama ƙofar da duk mai zuwa Abuja daga Filato da Binuwai da Bauchi da Taraba da gabashin ƙasar nan zai bi ta kansa.

Mai Tsara Gari:
Malam ya yi shimfiɗa mai kyau. Amma ni a wurina, Baban Khalifa, titin ba shi ya haifi Mararaba ba. Iyaka ce ta haife ta.

Ga dalili. Dokar da ta kafa Abuja ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk ƙasar da ke cikin yankin. Wato a cikin Abuja, ko ka sayi fili a hannun mai gari da shaidu goma, a idon doka ba ka da komai sai in hukuma ce ta ba ka takarda. Ana iya zuwa a shafa wa ginin jan fenti kowace rana. Amma da ka tsallaka iyaka ka shiga ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, lissafi ya canza. A takarda dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, amma abin da ke gudana a ƙasa shi ne mai gona ya yanka maka, a rubuta yarjejeniya, mai unguwa ya sa hannu, gobe ka kawo bulo. Ba mai tambayarka zanen gini, ba mai ce maka ka bar wa titi da kwata wuri.

Taswirar Abuja da aka kammala a 1979 ta yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, daga baya a kai miliyan uku da 'yan kai. An zana unguwanni masu faɗi, an zana lambuna, amma masinja da direba da mai gadi da mai shara ba a yi musu wurin da aljihunsu zai ɗauka ba. Nyanya kanta sansanin ma'aikata aka gina ta, wurin kwanan waɗanda ke aikin gina birnin da ƙananan ma'aikata. Da ta cika ta batse, ina mutane za su? Taku kaɗan ne tsakaninta da iyaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In kuna son shaida ku dubi ɗaya ɓangaren. Madalla da Suleja a jihar Neja suke, kuma abin da ya faru nan shi ya faru can. Duk inda iyakar Abuja ta ƙare, nan gari yake tsirowa.

Auwal Dillali:
Yallaɓai, da girmamawa, wannan bayanin ofis ne. Ni da nake cin abinci da ƙasa zan faɗa maka abin da mai saye ke tambaya. Ba a taɓa tambayata wace doka ce ke aiki a nan ba. Tambaya ɗaya ce: "Nawa ne kuɗin mashin daga nan zuwa bakin titi?" Da wannan ake yanke farashi. Fulotin da za ka taka da ƙafa zuwa titi kuɗinsa daban, wanda sai ka hau mashin daban, wanda in damina ta sauka mashin ma ba ya shiga, wannan ko kyauta ka ba wani sai ya yi shawara da matarsa. Iyakar Nasarawa da Abuja ai doguwa ce. Me ya sa ba a cika ko'ina ba sai inda kwalta ta bi? Ka hau tudu ka duba, garin kamar maciji yake, dogo siriri, Mararaba, One Man Village, Ado, Sabuwar Nyanya, Masaka, Kuchikau, Auta Balefi, yana bin titi har ya doshi Keffi.

Mai Tsara Gari:
Ban musa maka ba, Auwal. Titi ya nuna wa ruwa inda zai bi. Amma ba shi ya ɓalle madatsar ba.

Auwal Dillali:
To ai mai gona ba ruwansa da wanda ya ɓalle ta, inda ruwan ya bi nan yake shuka.

Ɗan Karu:
Ina karanta ku tun ɗazu. Da farko, Baba Direba, sunanmu Gbagyi. Na san ba da wata manufa ka faɗa ba, haka aka saba, amma mun fi son namu.

Na biyu, kowa yana cewa daji, daji. Ba daji ba ne. Gonakinmu ne, da maƙabartunmu, da rafukan da muke sha. Kakana yana da gona daga inda ake sayar da kayan gini yanzu har gangaren rafi. Mahaifina da 'yan'uwansa suka riƙa yankawa suna sayarwa, yau don kuɗin makaranta, gobe don asibiti, jibi don a sayi babur. Ba wanda ya ƙwace, da hannunsu suka karɓi kuɗi, wannan gaskiya ce. Amma wanda bai taɓa riƙe dubu goma a dunƙule ba, ka zo masa da jaka, me kake tsammani? Yau ni jikansa haya nake biya a ɗaki ciki da falo, a kan ƙasar da na yi kiwon awaki ina yaro. Mai gidan kuma yana Fatakwal, bai taɓa kwana a ciki ba. Doyar da Baba yake saye a bakin titi, yanzu mu ma daga Binuwai ake kawo mana ita a mota.

Tsohon Direba:
Ka yi haƙuri ɗana, bakin tsoho ne. Gbagyi. Na riƙe. Kuma wallahi mutanenku sun yi mana karamci a lokacin, in mota ta lalace mana da dare su ke kawo mana abinci.

Ɗan Karu:
Ba komai Baba. Allah ya ƙara girma.

Hajiya 'Yar Kasuwa:
Ɗan Karu maganarka ta taɓa ni. Amma a faɗi ɗaya gefen ma. Ni da mijina mun zo daga Funtuwa ba mu da ko tabarma ta kirki. A bakin titin nan na fara da tiren goro da sigari, na koma tumatir da albasa a kasuwar lemo, yau ina da shago biyu, na aurar da 'ya'ya uku. A Wuse wa zai bar ni in ajiye tire? Ƙafar da ke wucewa ta Mararaba a awa ɗaya, wani garin ba ya ganinta a mako. Cunkoson da kuke kuka da shi, wasu da shi suke ci. Ku dubi yaran da ke bin motoci da ruwan leda da gyaɗa da cajar waya.

Baban Khalifa:
Hajiya ai ku ne kuka cinye mana rabin titin da kayan miya, mu kuma muna cikin mota muna tsufa.

Hajiya 'Yar Kasuwa:
An gina babbar kasuwa an ce mu shiga, kuɗin shago wa zai biya mana? Kuma mai saye ba ya shiga ciki, yana saukowa daga mota yake so ya ga tattasai a gabansa. Kai ma jiya a bakin titi ka sayi naka, kar ka ce a'a.

Tsohon Direba:
Akwai abin da ba ku ambata ba, ni kuwa da idona na gani, domin a lokacin ina da a-kori-kura tawa. Shekarun da aka yi rusau a Abuja. Ban taɓa yin aiki kamarsu ba. Sai a kira ka da asuba, ka tarar da mutum zaune kan katifarsa a fili, ga tukwane, ga kwanon rufi da ya ɓamɓaro, ga ƙofa da taga da ya ciro kafin katafila ta iso. Ka tambaye shi ina za mu, ya ce, "Mu dai bi hanyar Keffi." Bai san inda za shi ba. Mu yi ta tafiya yana sauka yana tambayar ɗaki, Mararaba ta yi masa tsada, mu ƙara gaba, Ado ta yi tsada, mu ƙara gaba. Masaka da kuke gani, rabinta a bayan motoci irin tawa ta zo.

Malam na Keffi:
Haka ne, wannan zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i ne yana ministan Abuja, 2003 zuwa 2007. An rushe unguwanni da dama da aka ce sun saɓa wa taswira, irin su Idu-Karmo da Chika da Aleita. A wannan tsakanin ne kuma gwamnatin Obasanjo ta daina bai wa ma'aikata gidaje ta koma biyan kuɗi, aka sayar da gidajen gwamnati. Wanda ya iya ya saya, wanda bai iya ba ya nemi haya inda ƙarfinsa ya kai. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, 'yan acaɓa suka kwararo nan. A 2013 kuma aka hana ƙananan bas-bas ɗin nan masu kore, da ake kira araba, shiga cikin gari. Kowane mataki aka ɗauka don a tsabtace Abuja, a nan ƙurarsa take sauka.

Abba Kwankwaso-ne-kawai:
Ai duk matsalar ƙasar nan daga mutum ɗaya take, in kuna so in faɗi sunansa.

Shugaban Zaure:
Abba, ba siyasar jam'iyya a nan. Maganar titi ake yi. Gargaɗi na farko ke nan.

Maman Ilham:
Ku maza kuna ta tarihi da doka. Ni bari in faɗa muku yadda ranata take. Ƙarfe uku da rabi nake tashi. In dafa abin kari da na rana a lokaci guda, in yi wa yara wanka suna gyangyaɗi, in kai ƙaramar gidan maƙwabciya a naɗe cikin zane. Asuba a bakin titi take samuna sau da yawa, na sha yin salla a gefen shagon mai shayi. Sannan kokawar shiga mota. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, kina riƙe da jaka a ƙirji kina karanta fuskokin mutane, don 'yan wan-cans, ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ba a rubuce suke a goshi ba. In dawo tara na dare, yara sun yi barci. Ilham tana aji uku, malaminta bai taɓa ganina ba sai ranar Asabar ɗin da aka yi taron iyaye.

Ruwa kuma a wurin 'yan garuwa muke saye, ko gidan da ke da burtsatse. Layinmu ba kwalta, ba kwata. In aka yi ruwan sama takalmi biyu nake fita da su, ɗaya na taɓo ɗaya na ofis, a bakin titi nake canzawa in sa na taɓon a leda. Sai ki isa Asokoro ki ga ana ba furanni ruwa da tiyo a tsakiyar hanya. Kilomita nawa ne tsakani?

Baban Khalifa:
Maganar takalmi biyu, na zaci ni kaɗai ne.

Ɗan Lafiya:
Anti, abin da kika faɗa shi ne ciwon da ke damun jiharmu. Ku kuna kwana a Nasarawa, yaranku suna makarantun Nasarawa, sharar gidanku Nasarawa ke kwashewa, in dare ya yi ciwo ya tashi asibitin Nasarawa za ku. Amma ƙarfinku da kuɗinku a Abuja suke ƙarewa. Dokar harajin albashi ta ce inda mutum yake zaune nan za a kai harajinsa, ba inda yake aiki ba. To mutum nawa ne a ofisoshin Abuja suka rubuta Masaka ko Mararaba a takardarsu? Gwamnatocin Nasarawa sun daɗe suna wannan ƙorafi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Karu mutum dubu ɗari biyu da 'yan kai, kuma da irin wannan lissafi ake rabon kuɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Mararaba da magariba ya san abin dariya ne.

Maman Ilham:
To ni dai ana cire mini duk wata. Ku je ku sasanta da Abuja, ku zo ku yi mana kwata.

Mai Tsara Gari:
Ɗan Lafiya, ina tare da kai a rabi. Ɗaya rabin kuma laifin gida ne. Shekara nawa aka yi ana kallon gonaki suna zama unguwanni ba a fitar da layi ko ɗaya ba? Da tun a shekarun 1990 an shata tituna a Karu, an ware wurin makaranta da kasuwa da tasha, ko ba a zuba kwalta ba, da yau gyara ya zo da sauƙi. Sai a zamanin Gwamna Al-Makura aka kafa hukumar taswirar filaye ta zamani, a lokacin gini ya riga ya cinye ko'ina. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu in za ka fitar da titi ɗaya a cikin Mararaba sai ka rushe gida ɗari ka biya diyya.

Babbar illar kuwa ita ce duk garuruwan nan ƙofa ɗaya gare su. Mai zuwa aiki Abuja, da tirelar siminti mai zuwa Makurdi, da mai kai yaro makaranta a layi na gaba, da mai tura baro, duk titi ɗaya suke hawa. Babbar hanyar tarayya ce, amma ta zama layin unguwa.

Sani Mai Gyaran Waya:
Ƙofa ɗaya, wallahi. Ranar da muka san haka ita ce 14 ga Afrilu 2014. Ina kan hanyar zuwa tashar Nyanya da safe, na tsaya sayen kati a wani shago, sai na ji ƙasa ta girgiza. Sama da mutum saba'in suka rasu a wurin, mutanen da suka fito neman abinci, wasu ma suna cikin manyan bas suna jiran a cika. Ba a yi mako uku ba, ranar 1 ga Mayu, wani ya sake tashi kusa da wurin. Ba na son in yi dogon bayani. Bayan nan aka kafa shingen sojoji a hanya, motoci su dawo layi ɗaya. Mun sha sauka mu taka daga Nyanya har mahaɗar AYA ta Asokoro da ƙafa, mu haye Kugbo muna haki, maza da mata, har da masu kwat da lakataye. Ba wata hanyar da za ka kauce ka bi.

Hajiya 'Yar Kasuwa:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Akwai yaron da ke yi mini dako, tun ranar ban sake ganinsa ba.

Malam na Keffi:
Amin ya Allah.

Injiniya Bello:
Allah ya gafarta musu. Game da ƙofa ɗaya, ba a rasa tunanin mafita ba, aiwatarwa ce ta gagara. Hanyar Apo zuwa Karshi tun 2011 aka ba da kwangilarta, kilomita goma sha uku kacal, don mutanen Karshi da Orozo da Jikwoyi su shiga gari ba sai sun biyo Nyanya ba. Yaron da aka haifa a shekarar ya shiga sakandare ana ta jira. Jirgin ƙasan cikin Abuja da aka buɗe a 2018 ya nufi filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa, bai leƙo inda jama'a suka fi yawa ba. Abin da aka yi mana shi ne faɗaɗa titi. Aikin da kamfanin China Harbour ya yi da bashin bankin Exim na China ya mayar da Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurdi tagwaye, sama da kilomita 200, ya haɗa da ƙara faɗin wani guntu na kilomita biyar da 'yan kai a ɓangaren Abuja. A Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗin hanya a kan titin na Keffi zuwa Makurdi. Aiki ne mai kyau, wanda ya san tudun Akwanga a da zai faɗa. Amma ga mai kwana a Masaka, an faɗaɗa bakin tulu ne, wuyan yana nan yadda yake.

Mai Tsara Gari:
Ko wuyan aka faɗaɗa, Injiniya, shekara kaɗan zai cika. Da zarar tafiya ta ragu da minti ashirin, Auwal zai ɗauki kwastomominsa ya ƙara gaba da kilomita goma ya ce musu ai kusa ne. Hanyar Kubwa layi goma aka yi mata, je ka gani da safe. Abin da ke ɗebe jama'a irin wannan jirgi ne, ko manyan bas masu layinsu na kansu da ba mai shiga. Ko kuma a kawo aikin kusa da masu yinsa. Jami'ar Bingham da cocin ECWA ya kafa a 2005 tana nan Auta Balefi, jami'ar jiha tana Keffi, duk wanda ke aiki a waɗannan ba ruwansa da Kugbo. Irinsu ake buƙata da yawa.

Auwal Dillali:
Yallaɓai ka daina tona mini asirin sana'a a bainar jama'a.

Baban Khalifa:
Ni abin da ya fara ba ni tsoro shi ne lissafin da ya kawo mu nan ya fara rushewa. Mun zo ne don haya da araha, mu biya bambancin da lokacinmu da kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa. Na zauna na buga, abin da nake kashewa a hanya a shekara ya fi kuɗin hayata. Akwai abokan aikina biyu da ba sa komawa gida sai Juma'a. Ɗaya a ofis yake shimfiɗa kwali bayan an tashi, ɗaya a masallaci. Iyalinsu suna Ado, tafiyar da ba ta kai kilomita talatin ba, amma sun zama 'yan ci-rani. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Maman Ilham:
Mace kuma ba ta da wannan damar ma.

Ɗan Karu:
Kuma duk da haka gini bai tsaya ba. Makon jiya na je gaisuwa wani ƙauyenmu gaba da Gora, na tarar an kafa duwatsun siminti a gonar masara, an yi musu lamba da jan fenti. Na ce wa baffana kar ya sayar duka, ya bar wa yara ko rabi. Ya dube ni ya ce taki nawa ne buhu yanzu, na sani? Ban iya ba shi amsa ba.

Malam na Keffi:
Mu nan Keffi muna ganin abin yana matsowa. A da in ka fito daga gari ka nufi yamma, duhu ne har ka hango fitilun Masaka. Yanzu tazarar da babu gini kaɗan ta rage. Akwai ma'aikatan Abuja da suka tare a cikin Keffi, kilomita hamsin, suna zuwa suna dawowa kullum. Hayar ɗalibai ma ta tashi saboda su.

Auwal Dillali:
Tun da Malam ya kawo maganar, akwai fuloti shida a hannuna wajen Gora, hamsin bisa ɗari, ƙasa busasshiya, da ƙafa za ka taka zuwa titi. Takarda lafiya lau, mai unguwa ya sa hannu.

Shugaban Zaure:
Auwal, ba talla a zaure. Ka sani sarai.

Mai Tsara Gari:
Kun ji ko? "Mai unguwa ya sa hannu." Abin da na faɗa tun farko ke nan.

Ɗan Karu:
Auwal, Allah ya sa ba gonar baffana ba ce.

Tsohon Direba:
Shugaba a yi mini afuwa. Auwal, ka same ni ta gefe. Na bakin titin nake so, kuma kar ka yi mini farashin 'yan Abuja.